Yanda zaka sa sabon damo ya saba da hannunka ba tare da ka tilasta mishi ba

Tunda na fara ajiye damo anan Jidda tambayar da 'yan uwa suka fi yi min ita ce wai ya akayi yake hawa hannuna da kanshi, ba cizo ba bulala da jela. Wasu sun riga sun siyo nasu, kwana uku huɗu sai kaga kira, ya ƙi cin abinci, ya shige ƙasa ya ƙi fitowa. Wasu kuma da murnarsu suke kira, wai nasu tun ranar farko ya saba, ana ɗaukarsa ko motsi baya yi, har yara suna ɗora shi a kafaɗa. To wannan na biyun shi yafi ɗaga min hankali, kuma saboda shi na zauna nake wannan rubutun.

Mun taso muna jin damo sarkin haƙuri, kuma gaskiya ne idan aka kwatanta shi da 'yan uwansa yafi su sanyin hali. Amma lafewar da sabon damo yake yi a hannunka yana lumshe ido, wallahi ba yarda bace, kallon kitse kake yiwa rogo. Abu uku ne ke kawo ta, ko tsoro ya kai mishi ƙarshe ya sallama, ko sanyi ya kama shi baya da ƙarfin motsi, ko kuma bashi da lafiya. Damona na farko haka na rasa shi. Mai shagon da na siya a wajensa yace min a dinga ɗaukarsa kullum zai saba, nima haka na dinga yi, ga mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki dare da rana a shaggarmu, wato gidan da muke zaune, ɗan ƙwan fitila guda ɗaya ne a kansa. Wata huɗu ya yi, jelarsa ta rame daga gindi, wata safiya na tarar dashi a miƙe. Har yau abin yana cina a rai, dan amana ce na ɗauko ban san hakkinta ba, kuma dukkanmu mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa bata ciyar da ita ba bata sake ta ba.

Kafin komai ka san me ka siyo. A nan ana cakuɗa sunaye sosai. Dabb ɗin da Larabawa ke kamawa a sahara, mai jela gajera mai ƙaya ƙaya, da yawa cikinmu damo muke ce mishi, amma dabba ce daban, shi ganye da tsirrai yake ci. Wanda nake magana a kansa shine damon daji na ƙasashenmu, mai harshe mai reshe biyu irin na maciji, gajeren wuya, jiki a murɗe, idan ya girma yana kaiwa kusan mita ɗaya. Dangin su ne Larabawa ke cewa waral. Akwai guza na bakin ruwa wanda ake samu har gaɓar kogin Nilu a Sudan, shi yana iya wuce mita 2 kuma yana da zafin rai, ban bawa wanda bai taɓa kiwo ba shawarar ya fara dashi. Sai waral ɗin sahara da ake samu a nan Saudiyya, wannan kar ma ka kusance shi, yana jeri na ɗaya a yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji, wato an hana kasuwancinsa tsakanin ƙasashe, Saudiyya kuma ta shiga yarjejeniyar tun 1996. Damon namu yana jeri na biyu, ana cinikinsa amma da takarda. Dan haka ka nemi takardar shigo dashi a wajen mai siyarwa, sannan ka duba sharuɗɗan Cibiyar Kula da Namun Daji ta ƙasa ta dandalinsu na Fitri. Mu baƙi ne masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama, kar ka jawo wa kanka magana akan ƙadangare.

Wani abu da zai taimaka maka ka gane halinsa, yawancin ƙananan damo da ke kasuwa daga Ghana da Togo da Benin ake fito dasu, ko an kamo su a daji ko an ƙyanƙyashe ƙwan uwar da aka kama. Ma'ana duk hannun ɗan adam da ya sani kafin naka, hannu ne da ya tono shi daga rami, ya cusa shi a buhu, ya danna shi a akwati. Da wannan tarihin ya shigo gidanka.

Mataki na farko gida ne, ba hannu ba. Na san wani zai ce ai sabo muke tambaya, to damon da jikinsa bai ɗumama ba ko ka shekara goma kana lallashi a banza. Wajen shan zafi, wato kan dutsen da ke ƙarƙashin fitila, ya kamata ya kai digiri 50 zuwa 60 idan ka auna saman dutsen, ɗaya gefen akwatin kuma ya tsaya wajen 25 zuwa 28 dan ya samu inda zai gudu idan zafi ya ishe shi. Kar ka auna da tafin hannu, ka sayi ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga da ake haskawa, ba tsada. Fitila kuma gara ƙwai biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi a jere su rufe tsawon jikinsa, da guda ɗaya mai ƙarfi da zata ƙona mishi baya a waje ɗaya. Ka haɗa da fitilar UVB, wato mai bada irin hasken rana da jikinsa ke buƙata, ka dinga canza ta duk wata 6 zuwa shekara ko da tana haske, dan ƙarfinta ke mutuwa ba hasken ba. Ƙasa kuma ka zuba mai zurfi, turɓaya da yashi a cakuɗe, aƙalla santimita 45 zuwa 60 ga babba, da ɗan damshi ta yadda idan ka dunƙula a hannu zata tsaya bata ɗigar ruwa. A cikinta zai haƙa raminsa, kuma ramin nan shine rabin lafiyarsa. Mu na Jidda iska tana da laima, amma mukayyaf yana busar da ɗaki, 'yan Riyad da Madina ku sai kun ninka kula da jiƙa ƙasar. Babban damo yana buƙatar akwati kamar mita 2.4 a tsawo da 1.2 a faɗi, idan ka san shaggarka bazata ɗauka ba gara ka sani tun yana ƙarami.

Kuma dan Allah kar wani yace ai ƙasar nan rana a banza take ya ɗauki akwatin gilashi ya kai saman bene. Gilashi a ranar Makka ko Jidda da rani tanderu ne, cikin ɗan lokaci zai kashe shi, ga shi gilashin ma yana tare hasken da kake nema mishi.

Ka nemi akwati mai buɗewa ta gaba, ba ta sama ba. A daji abinda ke cin ƙaramin damo daga sama yake zuwa, shaho da mikiya, damon har wani ɗan ido yake dashi a tsakiyar ka wanda baya ganin hoto amma yana jin canjin haske da inuwa. Duk sanda hannunka ya sauko ta sama, shaho ne a wajensa.

Mataki na biyu, sati biyu na farko ka ƙyale shi kwata kwata. Wannan shine yafi wahala dan zumuɗi yana ɗibar mutum, abokai suna so su gani, yara suna naci. Ka canza ruwa, ka kwashe kashi, ka zuba abinci a kwano ka fita. Idan baka ganinsa kwana da kwanaki ba komai, ka duba ko abincin yana raguwa, ko akwai sawu a kan ƙasa. A cikin satukan nan ka ɗebi kashinsa sabo a leda ka kai wa likitan dabbobi wanda ya san masu rarrafe a duba tsutsar ciki, dan na daji da wuya ka samu wanda bashi da ita, ka kuma leƙa hammatarsa da gindin jela da kusa da ido ko akwai kaska. Doka ɗaya da bana sassauci akanta, kada ka taɓa tono shi daga raminsa ko ɗaga maɓoyarsa dan kana son ganinsa. Ranar da ya gane ko a ramin ma bai tsira daga gare ka ba, ka mayar da aikinka baya da wata guda ko fiye.

Ka kuma kula da turare. Gidajenmu a nan basa rabuwa da hayaƙin bakhur da turaren wuta, ga feshin maganin sauro da na kyankyaso. Ɗakin da damo yake kar hayaƙi ya shiga, huhunsa baya ɗauka. Ni da na roƙi Ummana akan haka cewa tayi, "Kai yanzu saboda ƙadangare zan daina turara gidana?" Nace "Umma kiyi haƙuri, ɗakin nan kaɗai nake roƙo, ko ƙofar ce a dinga ja." Ta yarda, yanzu ma ita ke tuna wa ƙannena su rufe.

Mataki na uku, zama. Idan ya fara cin abinci sosai, ka ɗauko kujera ko ka zauna a ƙasa gefen akwatin, minti 15 ko 20 kullum a lokaci ɗaya, ni bayan la'asar nake yi dan lokacin ya gama shan zafi jikinsa ya saki. Kar ka zuba mishi ido, ka juya gefe kayi karatunka ko danna wayarka, kayi magana a hankali ya saba da muryarka. Ranakun farko da ya hango ka zai shige. Daga baya zakaga kai kawai ya leƙo daga bakin rami. Ranar da ya fito ya kwanta akan dutsensa ya baje ciki ya miƙe ƙafafu kana zaune a wajen, to ka ci matakin nan. Wasu suna saka tsohuwar singileti da suka sa basu wanke ba a cikin akwatin dan ya saba da warin jikinsu, nima nayi, bata cutarwa, dan shi da harshe yake sanin duniya, yana ɗebo wari ya kai wani gurbi a ganɗarsa ya tantance.

Mataki na huɗu shine inda aikin gaske yake, ciyarwa da dogon hantsaki. Damo ta cikinsa ake shiga zuciyarsa. Ka nemi hantsaki mai tsawon kamar santimita 30 ko fiye, mai roba a baki dan kar ya fasa haƙori. Abincinsa ƙwari ne, gyare, fara, kyankyasan kiwo, tana, dodon koɗi, ana barbaɗa musu garin kalsiyam. A daji ma yawancin abinda yake ci kenan, har da ƙadandoniya da kunama, da rani kuma yana iya yin watanni a ɓoye baya cin komai. Mutane suna ɗura mishi ɓera da naman kaza da ƙwai kullum, yayi ƙiba kamar matashi suna murna, alhali ƙibar nan ita ke kashe da yawansu tun basu kai rabin shekarunsu ba, dabbar da zata iya wuce shekara 10. Ƙarami kullum ake bashi, babba sau biyu ko uku a sati ya isa. Kar ka bashi kyankyason gida, kar kuma ka siyo farar da aka kamo lokacin da ta yi yawa a gari, dan ana mata feshin magani.

Yanda ake yi, ka daina zuba abinci a kwano, ka riƙo fara da hantsakin ka miƙa ta ƙasa ƙasa, ka tsaya cak. Idan bai zo ba bayan minti biyu uku ka ajiye mishi ka tafi, gobe ka sake. Da farko zai fizga ya gudu da ita. Sannu sannu zai tsaya ya ci a gabanka. Daga nan sai ka fara ja da hantsakin baya kaɗan kaɗan ya biyo, taku ɗaya yau, taku uku jibi, har bakin ƙofa. Kar ka taɓa bashi da yatsunka, idan ya haɗa yatsa da abinci a kansa to ka koya mishi cizo da kanka. Ni har ɗan ƙwanƙwasa katako nake sau biyu kafin abinci, idan ba abinci bane bana ƙwanƙwasawa, cikin sati kaɗan ya gane bambancin, suna da kaifin ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato.

Mataki na biyar, hannu a ciki ba tare da ka taɓa shi ba. Ka wanke hannu da ruwa sosai, ba warin fara, ba warin nama, ba turare. Ka dunƙule shi ka ajiye a kan ƙasa nesa dashi, bayan hannu yana kallonsa, ka bari. Anan sai ka iya karanta jikinsa. Idan harshe yana fita a hankali dogo dogo, yana tafiya jiki a sake, wannan bincike ne, ka barshi. Idan ya kumbura maƙogwaro da jiki, ya miƙe akan ƙafafu ya juya maka gefe, yana huci kamar taya tana sacewa, jela ta lanƙwashe, to bulala ce ke tafe. Kar ka fizge hannu da sauri, ka tsaya ka bari hucin ya ɗan lafa sannan ka janye a hankali, gobe ka ajiye hannun nesa da inda ka ajiye yau.

Bazan manta ranar da nawa na yanzu ya fara zuwa ba. Wajen sati bakwai kenan da zuwansa, ina durƙushe gwiwata har ta sage, ya sauko daga dutse ya tsaya kamar taku biyu daga hannuna, ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Sai naji harshen a kan ƙashin yatsana, sau uku, kamar an shafa min zare mai laima. Ya ɗora ƙafa ɗaya, farcen ya ɗan nutse a fatata, tafin da ɗumi saboda dutsen da ya taso daga kai. Ya tsaya haka ɗan lokaci sannan ya juya ya tafi wajen ruwansa ba gudu. Ban motsa ba sai da ya shiga ruwan.

Mataki na shida, hawa hannu. Ka sa riga mai dogon hannu mai kauri ko ka naɗa tawul, dan farcensa yana yanka ko da ba da niyya ba. Ka shimfiɗa damtsenka a bakin ƙofa kamar gada, da ɗaya hannun ka riƙe hantsaki ka ja abincin ta kan damtsen har sai ya taka kafin ya samu. Kwanaki kana haka har ya zamana yana hawa da ƙafa huɗu. Sai ka ɗaga kaɗan, tsayin ɗan yatsa, ka sauke. Gobe ka ƙara. Idan ya tashi sauka ka barshi ya sauka, wannan shine sirrin duka, ya san ƙofar komawa a buɗe take. Idan ka kai ga ɗaukarsa sosai, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya ƙarƙashin ƙugu, jela ta kwanta a damtse, kar ka matse, idan yana tafiya ka dinga musanya hannu a gabansa. Minti biyar ya isa da farko, kuma ka mayar dashi tun yana cikin natsuwa, kar ka jira sai ya fara fizge fizge. Kar a ɗaga shi ta jela, damo ba kamar ƙadangaren bango bane da ke yar da jela wata ta fito, tasa idan ta lalace ta lalace kenan. Kar kuma a ɗauke shi bayan ya ci ya ƙoshi, zai iya amayarwa.

Fita waje kuma sai ya saba da hannu tukunna. Ka fara da ƙaramin ɗaki a rufe, ka kashe mukayyaf tun kafin, ka toshe ƙarƙashin kabad da bayan firji da duk wani rami, dan idan ya shige sai ka jawo shi da ƙarfi, kaga an koma gidan jiya. Tayil ɗin gidajen nan yana da sanyi, minti 15 zuwa 20 ka mayar dashi ƙarƙashin fitila.

Idan tsautsayi ya sa ya cije ka, damo yana riƙewa ne baya saki da wuri. Kar ka ja, jan shi ke yaga fata ya kuma iya ji mishi ciwo a muƙamuƙi. Ka sauke shi ƙafafunsa su taɓa ƙasa, ka saki jikinsa, yawanci da ya ga hanyar gudu zai saki, idan ya ƙi ka zuba mishi ruwa mai ɗan sanyi a kai. Ka wanke wajen da sabulu da ruwa mai yawa, idan ya shiga sosai ko ya kumbura ka tafi asibiti a duba har da allurar tetanus. Kar ka dake shi, baya gane horo, tsoro kawai zai ƙara. Sannan duk sanda ka taɓa shi ko kayansa ka wanke hannu da sabulu, masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, kwanonsa kar ya shiga wajen wanke wanken kicin, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mai ciki kuma su tsaya a kallo daga nesa.

Akwai ranakun da zai juya maka baya kamar bai taɓa saninka ba, musamman lokacin saɓa ko idan ka canza mishi waje. Ka koma mataki ɗaya baya kawai. Wani wata biyu yake ɗauka, wani shekara, wani kuma iyakarsa ya ci a hantsaki bazai taɓa son ɗauka ba, idan naka haka yake ka karɓe shi a haka, ka dinga ɗaukarsa sai da lalura kamar zuwa wajen likita.

Sai maganar tafiya, dan da yawanmu lokacin aikin Hajji ko goman ƙarshe na Ramadan muna Makka wajen aiki sati biyu uku bama gida. Ka sa fitilun a kan na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, awa 12 haske awa 12 duhu. Wanda zaka bar wa amanar ka nuna mishi da idonsa tun kana nan, ni ƙanina nake barwa, abinda nake ce mishi kullum shine, "Ruwa da abinci a kwano kawai, ka auna zafin dutsen da safe ka turo min hoto, ko ya fito ko bai fito ba kar ka sa hannu." Idan ka dawo kar ka nufi ɗaukarsa a ranar, ka yi wanka ka cire kayan tafiya da warin turaren da ke jiki, ka ɗauko kujerarka ka zauna gefensa bayan la'asar kwana biyu, rana ta uku ka ƙwanƙwasa katako ka miƙa fara da hantsaki.